Watanda Ba Sai da Sallah Ba

Mu talatin ne muka haɗa kuɗin. Tun goman farko na azumi wani dattijo ya buɗe littafi, mai biya gaba ɗaya ya biya, mai kawowa da kaɗan-kaɗan yana kawowa, har ranar jajibiri da hantsi aka ja san zuwa gindin wani dogonyaro a bayan gari, nan Marnona. Bokolo ne fari mai gajeren ƙaho, tozo har ya kwanta gefe guda. Babu wanda ya tambayi daga ina ya fito. Kowa ya san turken da ya yi wata biyar a ɗaure, ya san mai shi, wasunmu ma su ne suka sayar da harawar da ya ci.

Barunje ya feɗe, yaransa suka shimfiɗa buhuna, aka shiga kasawa, kowa da azumi a baki yana haɗiyar yawu a ɓoye. Kashi talatin, kowanne sai ya sami tsoka da ƙashi da kitse, a bi shi da yankin tumbi da hanji da huhu. Ƙoda biyu ce rak a cikin sa, amma sai da aka san yadda aka yi ta zagaya kowa, ko da kamar ƙwayar gujiya ce. Kai da ƙafa da fata aka yi musu kuɗi aka biya ladan fiɗa. Da aka gama, kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani marfin kwalba, wani ɗan dutse, aka kira yaron da bai ga mai kowace alama ba ya bi kashi-kashi yana ajiyewa. Inda taka ta faɗa, nan rabonka yake.

Abin da ya sa nake ba da wannan labari shi ne hanta. Da barunjen ya tsaga ta, ya matsa da babban yatsa, sai ga wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa daga jijiyoyinta, naman wurin ya yi tauri ya yi fari-fari. Ya ture ta gefe da bakin wuƙa ya ce, "Wagga ba ta shiga kashin kowa." Wani matashi a cikinmu ya ce, "Haba Baba, hanta guda?" Barunjen ko ɗaga kai bai yi ba. "Kai ka cinta ko ɗiyanka?" Aka gina rami aka turbuɗe ta. Tsutsar nan dabba kan ɗauko ta ne a kiwon fadama, inda katantanwar ruwa ke rainon ta, kuma ba ta hanyar cin dafaffiyar hanta mutum ya saba kamuwa da ita ba, amma hantar da ta lalace haka ta tashi daga abinci. Mutum talatin suka yi asarar ɓangaren da ya fi kowanne daraja, babu wanda ya yi fushi, don kowa ya gani da idonsa. Ni kuwa sai na tsaya ina tambayar kaina: da a teburin da ban san mai shi ba ne, a garin da ba a san ni ba, ina hantar nan za ta kwana?

Ra'ayina a nan shi ne mun mayar da watanda abin biki, alhali abin lafiya ce. Muna yin ta sau ɗaya ko sau biyu a shekara, mu ci nama kwana uku har ciki ya ɓaci, sannan mu koma miya lami wata goma sha ɗaya. Da za mu rage girmanta mu ƙara yawanta, akuya ko tunkiya duk mako biyu tsakanin gida takwas ko goma, ko sa guda duk wata tsakanin unguwa, kuma dabbar ta fito daga turken da muka sani, da mun yi wa jikin mata da yara abin da buhun magani ba zai yi musu ba. 

Abin dariya, wannan al'ada da muke gani ta ƙauye ita ce masu hali a Turai da Amurka suke rububi yanzu. A Japan tun shekarun 1970 matan gida suka fara ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma saboda tsoron magungunan feshi. A Amurka, a 1986 aka fara tsarin da mutanen gari ke biyan manomi tun kafin kaka, su riƙa karɓar kasonsu, riba tare, asara tare. Daga kayan lambu abin ya kai ga nama: iyali su sayi rabin sa ko rubu'insa daga gonar da suka sani, a yanka a kasa, su cika firji. Abin da suke biyan kuɗi mai yawa don su samu bai wuce su san abin da dabbar ta ci da allurar da aka yi mata ba. Mu a Wurno da Rabah da Goronyo muna jin kukan dabbar ta katanga.

Amma buƙatarmu ba irin tasu ba ce, kuma a nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Su nama ya yi musu yawa, suna neman mai kyau. Mu jini ne ya yi mana kaɗan. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58 cikin 100. A ɓangaren mata, Jihar Sakkwato ce ta fi kowace jiha, kusan uku cikin kowace huɗu. Ba abinci kaɗai ke jawo wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa da amosanin jini duk suna da hannu. Sai dai abinci shi ne ɓangaren da ke hannun maigida. Kuma duk wanda ya taɓa shiga Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya ga yaran da ciwo ya cinye musu kumatu, ya san inda rashin abinci mai gina jiki kan kai yaro idan ƙyanda ko zazzaɓi suka same shi a raunane. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo na noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wannan a jihar da kowace kasuwa ke da kara, jihar da sunanta ke kan jar akuya da kan bokolo a littattafan likitocin dabbobi na duniya.

Sinadarin ayon da jiki ke gina jini da shi akwai shi a gero da wake da zogale, amma wanda ke cikin nama da hanta jiki ya fi saurin ɗauka nesa ba kusa ba, kuma ɗan nama a cikin miya yana taimaka wa jiki ya ɗauki na ganyen ma. Bitamin B12 kuwa ba a samun sa a tuwo ko kunu, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce dunƙulen hannu ba. Idan aka cika shi da koko zalla, ya ƙoshi amma bai ci ba. Tsoka kamar girman yatsa biyu, a dafa ta yi laushi, a daka ta a cuɗa masa a abinci sau biyu ko uku a mako, ta fi masa tulin naman Sallah da ba zai iya taunawa ba. Hanta kuma ɗan yanki sau ɗaya a mako ya ishe shi. Mai ciki ce ya kamata ta yi hattara da yawan hanta saboda bitamin A da ke cikinta ya yi yawa, tsoka ta fi mata. Kuma a daina kora nama da shayi mai kauri nan take, yana hana jiki ɗaukar ayon. Lemun tsami ko ɗanyen tumatir su ne abokan tafiyarsa.

To ina naman da ake yankawa kullum a garuruwanmu yake zuwa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu maza. Bayan isha'i, a tashar Marnona ko Achida ko Goronyo, je ka tsaya kusa da mai tsire ka ƙirga waɗanda ke zaune a benci. Magidanta ne. Mutum zai ci tsire da balangu, ya sha shayi da madara, ya goge baki da takardar, ya shiga gida ya tarar an ci tuwo da miyar kuka wadda daddawa ce kaɗai ta san an yi miya. Idan ya yi kirki ya ƙunso tsinke biyu, yara sun riga sun yi barci. Ranar da aka sa nama a tukunya kuma, kwanon maigida ake fara cikawa, sai na baƙo, sai ƙashi ga yara su yi ta gwagwiya, uwargida mai shayarwa ta ce ita romo ya ishe ta. Na yi wannan, ba labari aka ba ni ba. Falalar watanda ita ce kashinta ɗanye yake shiga gida, a cikin kwano, da rana, a hannun matar gida. Ba ya tsayawa a tasha.

Sai maganar asalin dabba. Shekarun baya na taɓa sayen nama a bakin hanya, a wani gari da ba sai na ambata ba, saboda arahar ta ja ni. Da aka ɗora a wuta gidan duka ya ɗauki warin magani, wani ɓangaren cinyar kuma ya yi ruwan ɗorawa daidai inda aka soka allura. Zubarwa muka yi, araha ba ta yi ado ba. Abin da ke faruwa sananne ne: dabba ta kwanta, mai ita ya sayi allura a kasuwa ya ɗura mata da kansa, kwana biyu ba ta tashi ba, sai a yi maza a tare ta da wuƙa kafin ta zama mushe, a sayar a karye. A jikin kwalbar kowace allurar dabbobi akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka; irin oksitetrasaikilin mai dogon aiki sai an ba ta makonni uku zuwa huɗu. Wa yake karantawa? Ragowar maganin a cikinmu take ƙarewa, kuma irin wannan amfani da magani barkatai yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ga tarin fukan shanu da ke kama mutum. Ga ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks, da aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, bayan gwamnatin tarayya ta gargaɗi mutane kan cin ganda. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, ko feɗe ta bai kamata a yi ba. Duk waɗannan, sanin turke da ganin dabba a tsaye tana tuƙa kafin a kayar da ita yana rage su ƙwarai. Ban ce yana kawar da su ba. Shi ya sa nake ganin kowace ƙungiyar watanda ta ware ɗan abin da za ta ba malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya duba kafin yanka da bayan fiɗa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye likitocin dabbobi duk shekara. Bai kamata a ce idon barunje kaɗai muka dogara da shi ba, ko da yake na ga ranar da idon nan ya fi na mutum talatin.

Akwai wani asalin kuma da ya fi ciwo muni. Mu a gabashin Sakkwato mun san abin da ake nufi idan aka ce sa ya yi araha fiye da kima. A farkon Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana ɗaukar shanu a manyan motoci, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 13, har da Wurno da Rabah da Goronyo, don toshe hanyar da ɓarayin daji ke mayar da shanun sata kuɗi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban shekarar aka far wa kasuwar Goronyo, aka kashe sama da mutum 40. Ba na manta yadda masu kiwon halal suka rasa inda za su kai dabbobinsu a watannin nan, ga ciyarwa, ga bashi. Ciniki tsakanin maƙwabci da maƙwabci shi ne ya rage. Wanda ya sayi akuyar gwauruwar da ke bayan gidansa ya san kuɗinsa ba harsashi zai saya ba. Wannan ma lafiya ce, ta wata fuskar.

Na san abin da za a ce. Na farko, ina kuɗin? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mutumin da ke neman kwanon gero za ka ce masa nama? Gaskiya ne, akwai gidajen da ko wannan ba za su iya ba, kuma su ne ya kamata kowace watanda ta fitar musu da kashi guda sadaka, kamar yadda wasu ke yi tun asali. Amma ga mai cin tsire sau uku a mako, ga mai kuɗin kati da goro da sigari, maganar babu ba ta taso ba, sauya wa kuɗin hanya kawai zai yi. Mata kuwa ba sai an koya musu ba, adashi a hannunsu yake. Adashin da ke sayen kwanuka da atamfa zai iya sayen akuya. Kuma akwai hanyar da ta fi sauƙi: ƙungiya ta sayi ɗan maraƙi ko 'yan awaki tun suna da araha, ta ba wata a unguwa kiwo, a biya ta ladanta a kai mata abinci. Yankin da ke da dam ɗin Goronyo, mai cin ruwa mita kubik miliyan 942, da fadamar Wurno mai shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, ba ya rasa dusa da harawa da kara. Ba ma sabon tunani ba ne a nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗinsa a Wurno ya rasu a can a 1837, ya ƙarfafa wa makiyaya su zauna wuri guda su riƙi tumaki da awaki, kuma shi ɗin dai ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Na biyu, ina za a ajiye, tunda ba wuta? Ai shi ya sa na ce a rage girma. Akuya guda tsakanin gida goma ba ta kai ga ajiya, kwana biyu ta ƙare. Idan sa ne, a yi lissafi: wanda ya kai kilo 300 a tsaye, abin da ke saura bayan an cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki bai wuce kusan rabi ba, da ƙashinsa. A raba talatin, kilo biyar-biyar ke nan. Kakanninmu ba su san firji ba amma sun san a soya nama ƙarau a ajiye cikin mansa, sun san dambun nama, sun san a yanyana a shanya ko a yi banda. Dambu ma shi ya fi dacewa da yaro, a barbaɗa masa a fate ko a shinkafa. Abin kiyayewa shi ne a dafa nama ya nuna har ciki saboda tsila, a raba wuƙa da faifan ɗanye da na dafaffe, kada kuma ya wuni a rana ƙuda na bi kafin ya isa tukunya.

Na uku, rundawa za su ce za a kashe musu sana'a. Ban ga alama ba. Babu watandar da ke yiwuwa ba tare da su ba, su ke yanka, su ke fiɗa, su suka san kasawa, kuma ladan fiɗa kuɗi ne a hannu, ba bashin da suke bin rabin gari ba. Barunjen da ya turbuɗe hantar nan tun daga ranar ban sake sayen nama a teburin kowa ba sai nasa.

Akwai kuma masu karatun zamani da za su tuna mini cewa jan nama yana da illa. Sun yi gaskiya a wurinsu. A Oktoban 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa irin su sosej cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, ta ce jan nama ma akwai yiwuwar haka, kuma shawarar masana ita ce kada dafaffen jan nama ya wuce giram 500 a mako. Alhajin da ke da hawan jini da tumbi, wanda ba ya kwana sai ya ci tozo da kitse, wannan gargaɗi nasa ne, ya riƙe shi da kyau. Amma kilo biyar da ƙashi a gidan mutum goma, na wata guda, rabin kilo ne kowa a wata. Ko kusa da iyakar ba a je ba.

Matsalar da na fi tsoro ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, amana ce. Watanda nawa ta watse saboda mai riƙon kuɗi ya juya su, ko wanda aka aika kasuwa ya haɗa baki da dillali suka ɗora la'ada biyu, ko aka ga cinya guda ta bi ta bayan fage? Maganin wannan dattawan Marnona sun riga sun nuna shi a gindin dogonyaron nan: littafi a buɗe, mutum uku su je ciniki, a yanka a gaban kowa, yaro ya jefa ƙuri'a. Abu ɗaya zan ƙara, a sa mace cikin masu riƙon littafin, don ita ta san gidan da ke da mai jego da gidan da aka yaye yaro.

Ya ɗan'uwa magidanci, kada ka jira watan azumi ya kama. Bayan sallar Juma'ar nan ka tsayar da mutum tara a ƙofar masallaci, ku tambayi wace ce a unguwa take da akuyar sayarwa, ku je ku gan ta a tsaye. Idan kashinka ya shiga gida, ka ce a fara zuba wa mai ciki da ɗan yaye kafin a kawo naka kwanon.